Na Sa Ɗiyata Ta Kulle Darar da Aka Yi Mata Gayya

Edita, sallama gare ka da masu karatun wannan shafi. A lokacin da abin nan ya faru, ni mace ce mai makullai ɗaure a bakin zani, ko ban yi sallama ba ƙararsu ta yi mani. Haifaffiyar Kankia ce ni, aure ya kai ni Kusada, sana'ata matsar man gyaɗa da tuyar ƙuli-ƙuli. Duk wanda ya san ni a kasuwa ya san bakina: ba ni zagi a ɓoye, ba ni yabo a fili. Ban shiga aji ba sai da furfura ta fara leƙowa, ajin yaƙi da jahilci na matan aure da ake yi bayan la'asar. Saboda haka in kun ga rubutun ya karkace ku yi haƙuri, hannuna ne. Wannan ba irin maganar da ake ba wani ya rubuta ba ce.

Makullan nan da asalinsu. Da maigidana ya rasu, Allah ya jiƙanshi, ina cikin ɗaki ina takaba danginshi suka faɗa wa rumbunmu. Kowa ya shigo yana Allah ya ba ki haƙuri, ya fita ta baya da damin gero a ka. Kafin in fita takaba, ko ɓera ya shiga rumbun nan sai ya fito da hawaye. Ranar da na fita, kafin in sayi sabulu kwaɗo na fara saye. Tun daga nan na yanke wa duniya hukunci: abin da ba a kulle ba na mai dogon hannu ne, kuma wanda ya fi yi maka murmushi shi ya fara auna ƙofarka.

Ɗiyata ta fari ita ce labarin. Ba zan rubuta sunanta ba, kuma ba don an hana ni ba. Mu irin tarbiyyar da aka yi mana, uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yabonshi, ba ta nuna ta san da shi a gaban mutane. Ke nake ce mata, in da wani nake magana in ce yarinyar nan. Abu ɗaya ya taɓa zaunar da mu gwiwa da gwiwa, shi ne dara. Mahaifina gwanin dara ne a Kankia. Ina ƙarama nakan kai mashi fura gindin ɗorawar da suke zama, in laɓe da ƙwarya ina kallo, har na haddace wasan da duk baƙar maganar da tsofaffin nan ke jifan juna da ita. Mata ba su dara a fili, amma a tsakar gidana na haƙa ramuka, ni da tsakuwa ita da karan dawa, na koya mata. Ban taɓa bari ta ci ni don tausayi ba. Ranar da ta fara cina da gaskiya, tashi na yi na ce gyaɗata na ƙonewa.

Ta yi karatun kwamfuta a Katsina, ta dawo gida jiran aiki da wata tsohuwar laftof mai zafi kamar kaskon tuya. Wata rana ta durƙusa ta ce mani tana son ta sa dara cikin waya, irin gem ɗin da samari ke bugawa, amma namu, da Hausa. Sai dai aikin ya fi ƙarfin na'urarta, ana buƙatar sabuwa, da faifan sola saboda wuta, da mai zane da za a sallama. Na ce to a ina za ta samo? Ta ce karo-karo za a yi: za ta buɗe zaure a waya, ta nuna abin da ta fara, duk mai son ganin an gama ya jefa abin da ya sawwaƙa. Na ce wannan ai bara ce ta 'yan boko. Ta ce a'a, gayya ce, kamar yadda mai gona ke kiran samarin gari su taya shi noma, ya dafa masu abinci kowa ya ci ya ƙoshi. Na ce mai gayya ana ganin gonarshi da ido. Ta je ta yi abinta.

Abin mamaki mutane suka amsa. 'Yan kabu-kabun Kusada, malaman firamare, ɗalibai, samarin rugagen bayan garin Ƙofa, mutanen Yashe, har daga Maraɗi. Abin da ya jawo su alkawari ne guda da ta rubuta a saman zauren: wasan nan ba za a kulle shi ba. Ba ya son data, ba ya son sabis, ba ya tambayar lambar kowa. Wanda ya samu ya tura wa ɗan'uwanshi waya zuwa waya, ko ya ba da gudummawa ko bai ba da ba. Ashe samarin nan sun gaji da gem ɗin da ke tsayawa ana tsakiyar wasa ya ce a kunna data, ko ya ɓace ranar da mutum ya canza waya. Ta sa ni cikin zauren don in riƙa gwada karatuna. Na ga wani ya rubuta wai shi ba wasan ya ba kuɗi ba, alkawarin ya ba. Na ce yaron nan bai taɓa kwana da yunwa ba.

Sannan ta roƙe ni murya. Tana son in mutum ya yi kuskure ko ya ci, wata tsohuwa ta yi mashi magana irin ta gindin ɗorawa. Na ƙi, na ƙi, na yarda. Muka shiga ɗaki muka rufe taga saboda zakara, na dinga zubo mata abin da na ji wurin mahaifina. In ka ajiye ɗa a ramin banza, muryata ta tambaye ka ko da ƙafa kake tunani. In aka cinye ka, ta ce ka koma gida ka taya matarka tankaɗe. In ka ci, ta ce kada ka yi rawa, makaho ma yakan taka allura. Tana ɗauka tana toshe baki da mayafi kada dariya ta ɓata aiki. Bayan kaka ta saki somin-taɓi, wanda mutum ke karawa da waya kaɗai, ta ce cikakken, wanda aboki zai kara da aboki, yana nan tafe. Ba a jima ba, ba ni wuce tashar 'yan kabu-kabu ban ji muryata na aika wani tankaɗe ba. Sai in ɗaure fuska in wuce. A cikina kuwa kamar an ba ni kujerar Makka.

Ran kasuwa abin ya lalace. Akwai wani saurayi mai rumfar caji da turi, irin masu zuba wa mutane fina-finai da waƙoƙi a waya. Na zo wucewa da galan ɗin mai na ga samari sun yi layi, muryata na fita daga wannan waya tana shiga waccan, shi kuma yana miƙa hannu yana karɓa yana jefawa a gwangwani. Wallahi ba shi na gani ba, dangin mijina na gani da dami a ka. Na dire galan. Ya tashi da fara'a yana Inna sannu da zuwa, ga mai muryar da kanta, a ba ta kujera. Na ce ya riƙe kujerarshi. Ya fara bayani wai yana cikin waɗanda suka fara ba da gudummawa, wai ladan turi yake karɓa kamar yadda yake karɓa a kan komai, kuma mai wasan da bakinta ta ce a yaɗa. Ban bar shi ya kai aya ba. Na ce mashi ɓarawo, na ce ɗan ɓarawo. Na tuna wa kasuwa duka ranar da aka kama marigayi ubanshi da akuyar da ba tashi ba, maganar da ta girme shi, aka binne ta tare da mai ita. Na ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ya tsaya da igiyar caji a hannu. Na ga wayoyi a sama ana ɗauka, na ƙara murya don su ji da kyau.

Na dawo gida na tarar da ita a inuwa da na'ura a cinya. Na ce ta sa wa abin nan kwaɗo. Ta ce Inna ai alkawari ta yi. Na ce alkawari da ɓarayi ba alkawari ba ne. Ta yi mani bayani a hankali, kamar mai lallashin akuya ta shiga mota: wai turin nan shi ne tallarta, ba a wannan wasan za ta ci abinci ba, a suna za ta ci, in mutane sun yarda da ita gobe ko me ta ce za ta yi za su sake taruwa. Ta ce kulle irin wannan sai da sabis yake aiki, mutanenta kuwa yawanci a ƙauye suke. Ta ce mai niyyar sata ba kwaɗo zai hana shi ba, wanda ya taimaka shi zai sha wahala. Duk ta faɗa mani, edita, ba zan ce ban sani ba. Amma ni abin da na ji shi ne yarinyar da na haifa tana koya mani yadda duniya take. Na ajiye muciya, na dafa ƙirjina, na ce in cikakken wasan nan ya fita babu kulle, ban yafe mata nonon da ta sha ba, duniya da lahira. Ta ɗago ta kalle ni, ita da ba ta taɓa haɗa ido da ni ba. Sannan ta sunkuyar da kai ta ce to.

Cikakken wasan ya fita da kwaɗo. Kowane mai gudummawa aka ba shi lamba, lamba ɗaya waya ɗaya, kuma duk lokacin da zai buɗe sai wayar ta nemi sabis ta tabbatar shi ne. Ku da ke birni ba za ku gane ba. A wasu unguwannin Yashe sai mutum ya hau tudu ya ɗaga waya kamar mai roƙon ruwa kafin saƙo ya shiga. A wurinmu waya ana musanya ta ran kasuwa, ana sayar da ita lokacin taki a sayi wata bayan kaka. Duk wanda ya canza waya, lambarshi ta mutu. Wani Bafulatani daga rugar bayan Ƙofa, mai sayen ƙuli-ƙuli a wurina, ya tsaya ya ce mani cikin sanyin murya wai in gaya wa ɗiyata shi bai yi fushi ba, amma yana son ya sani: a dajin da yake kiwo, daga shi sai shanu, wa zai sata wa wasan da har wayarshi ke ce mashi ya tabbatar shi ne? Na ce ƙuli ya zo saye ko shari'a? Ya biya ya tafi, bai ƙara dawowa ba.

Zaure ya kama da wuta, ni kuma ina ciki ina bin baƙi ɗaya-ɗaya da yatsa. Da farko maganar hankali ce. Wani malamin makaranta ya rubuta cewa ba a taɓa yin gayyar da aka gama noma aka kulle tukunya, aka ce kowa ya kawo shaidar ya riƙe fartanya ba. Wani ya ce shi ya taimaka tun babu komai sai alkawari, abin da ya ƙona mashi rai a caje shi a ƙofar gidan da ya taya ginawa. Kaɗan suka kare ta, suka ce yarinya ta sha wahala dole ta ci guminta, aka ce masu 'yan kanzagi. Masu gaskiya suka faɗi gaskiyarsu suka yi shiru, sai zauren ya koma hannun waɗanda ko sisi ba su jefa ba, kuma su suka fi kowa ƙarar murya. 'Yar damfara, mayaudariya, wai da ma mace in ta ga taro sai ta canza. Suka ɗauko hotonta na gama makaranta suka liƙa mata kwaɗo a baki suka mai da shi sitika, duk wanda ya yi magana a amsa mashi da ita. Na shiga aji don in iya karanta lambar waya da katin asibiti. Rubutu mai tsawo na farko da na karanta da kaina, ba wanda ya taya ni, zagin ɗiyata ne.

Ba a daɗe ba wani daga cikinsu, har yau ban san ko wane ne ba, ya fasa kwaɗon kamar yadda ta ce za a yi. Fasasshen wasa ya fito, ba ya son data ba ya son lamba, yana tafiya sumul. Wato wanda bai ba da komai ba yana wasa a gindin bishiya, wanda ya riƙe amana yana kan tudu yana neman sabis. Da a nan suka tsaya da na ce sun karɓi haƙƙinsu. Amma sai suka goge sunanta daga farkon wasan, suka ɗauko hoton bidiyon da aka ɗauke ni ran kasuwa suka yayyanka muryar suka zuba ciki. Yanzu in aka cinye ka ba tankaɗe ake aika ka ba, muryata ce ke kwarara ihu tana ce maka ɓarawo ɗan ɓarawo. Samari suka ga ya fi na asali daɗi. Shi kowa ya koma turawa.

Sai mai turin nan ya yi magana a zaure, karo na farko. Bai zage ni ba. Ya ce su daina wahalar da yarinya, duk wanda ya ga abin da uwarta ta yi mashi a kasuwa ya san wa ke riƙe da makulli a gidan nan. Nan take aka juyo kaina, har na ji wani sanyi-sanyi, don ni na saba, bayana ya yi kanta. Amma ba a yi nisa ba ɗiyata, wadda tun farkon rikicin ba ta ce uffan ba, ta rubuta. Ta ce kada wanda ya ƙara sa mahaifiyarta a maganar nan. Ta ce tsohuwa ce, ba ta san kan waya ba. Ta ce ita ta yanke shawara ita kaɗai, don ta ga wasan ya karɓu son kuɗi ya kama ta. Na karanta har ƙarshe, na koma farko, ko na haɗa baƙin ba daidai ba. Daidai na haɗa. Ta ɗauki sunan da ba nata ba ta rataya a wuya don kada a taɓa ni, tana zaune bango ɗaya ne tsakaninmu.

Kun san abin da na yi? Ga waya a hannuna, ga zaure a buɗe, na iya rubutu, in rubutu ya gagara akwai saƙon murya, kuma murya ai ita Allah ya ba ni. Ban yi ba. Na ce wa kaina uwa ba ta tsaya wa ɗan fari a bainar jama'a, abin kunya ne. Ƙarya nake, ba kunya ba ce, bakina ne bai taɓa koyon cewa na yi kuskure ba. Na fita tsakar gida na same ta tana wanke-wanke, na ce to ta gani? Ba na gaya mata mutane ɓarayi ba ne? Da ta sa kwaɗon tun farko da ba a kai nan ba. Ta ci gaba da cuɗa kwano ɗaya, wanda ya riga ya fita tas.

Daga waya abin ya sauko titi. In ta tsai da ɗan kabu-kabu sai ya tambaye ta lambar shiga, ya ja mashin ya bar ta da hayaƙi. Wata safiya muka buɗe ƙofa muka ga an rataya mana kwaɗo mai tsatsa. Wata makaranta mai zaman kanta da ta yi mata maganar koyar da kwamfuta ta aiko wai iyayen yara sun yi ƙorafi, a dakata tukuna. Ta daina fita, abinci sai dai ta taɓa, wuyanta ya yi tsawo. Ni kuwa cinikina bai ragu ba, har ƙaruwa ya yi, ana zuwa kallon mai muryar. Ni na ɗaura kwaɗo, ita aka kulle.

Malamar da ta koya mana karatu ce ta zo har gida ta ja ni ɗaki. Na ba ta labarin rantsuwar ina jiran ta ce na yi daidai. Ta ce mani alkawari abin tambaya ne gobe kiyama, na tilasta wa yarinya ta zaɓa tsakanin saɓa wa uwa da saɓa alkawari, wace irin uwa ce ke haƙa wa ɗiyarta rami biyu ta ce ta zaɓi ɗaya? Da ta tafi na tsaya bakin murhu, na juya wa ɗakin yarinyar baya, na gaya wa tukunya da ƙarfi cewa maganar nono na janye, mai son buɗe abinta ta buɗe. Ko wannan ban iya faɗa mata a fuska ba. Ta cire kwaɗon, ta saka wasan a zaure, ta ba da haƙuri. Aka amsa mata da sitikar nan. Wani ya ce ihu bayan hari. Wani ya ce ta riƙe kayanta, nasu ya fi daɗi, nasu yana zagi.

Sabuwar na'urar da aka yi karo-karo aka saya, ta naɗe ta a zani ta kai wa malamin nan da ya yi maganar gayya a zaure ta ce ta jama'a ce, a ba ɗalibai su koya. Ta nemi izinina ta koma Katsina wurin ƙanwar babanta. Yanzu tana tsaron wani shagon atamfa. Yarinyar da ta sa dara cikin waya, yadi take aunawa. Tana zuwa da salla, ta durƙusa har ƙasa ta gaishe ni, ta kawo mani turmin atamfa, ta tambayi ciwon ƙafata. Ba ta taɓa ɗaga mani murya ba, ba ta taɓa tayar da maganar ba. Sau ɗaya na share tsakar gida na haƙa ramuka, na ajiye tsakuwa da kara inda za ta gani. Ta zo ta tsallake su a hankali don kada ta ɓata mani, ta shige ɗaki.

Na je wurin mai turi da ƙafata na ba shi haƙurin abin da na faɗa kan ubanshi. Bai ɗago ba. Ya ce ya yafe don Allah, amma tsohuwarshi ta ga bidiyon, kuma har yanzu ba ta zuwa kasuwa. Na roƙe shi ko yana da somin-taɓin nan na farko. Ya daɗe yana lalube, ya samo, ya tura mani, na miƙa mashi ladan turi ya karɓa. Ba wasa nake yi da shi ba. In na buɗe, kafin ramuka su fito sunanta ke fitowa, fari a kan jar ƙasa, ya ɗan tsaya ya ɓace. Nan kaɗai ya rage. Na yi ta buɗewa ina rufewa har na iya faɗarshi harshena bai sarƙe ba. Rannan na kira ta a waya, tana ɗauka na kira sunanta, karo na farko tun da na haife ta. Sai ta tambaye ni wa ya rasu.

Ku masu buga gem, a kan kwaɗo kuna da gaskiya, na faɗa da bakin da ya zage ku. Wanda ya taya ka noma ba a cajinshi a bakin tukunya, kuma duk mai tara jama'a da alkawarin ba zai kulle ba, ya sani alkawarin nan shi ne jarinshi. Kwaɗon da aka sa bai tare ɓarawo ko ɗaya ba, masu gida ya bari a waje. Amma gaskiyarku ta ƙare ranar da kuka fasa shi. Abin da kuka yi bayan nan ba neman haƙƙi ba ne, daɗi kuka ji, na karanta dariyarku da idona. Kun samu wasanku, kun kashe zuciyar mai yi maku na gaba, kuma har yau ban ga wanda ya ƙirƙiro ko rami ɗaya ba cikin masu sitika.

Amma ba ku na zo yi wa faɗa ba. 'Yan'uwana iyaye mata, musamman irina da duniya ta taɓa yi wa sata, ku ji ni. Maganar nono ba sanda ba ce da za ki ɗauka duk lokacin da hujja ta ƙare maki. Wuƙa ce, kuma in kin zare ta ba ta mayar da abin da ta yanke. In ɗanki ya san abin da ba ki sani ba, ba raini ba ne, abin da kika tura shi ya koyo ke nan. Kunyar ɗan fari da muka gada tana da kyau ranar biki. Ranar da duniya ta taru a kanshi, in kika yi shiru, kin shiga layin masu jifa.

Makullan suna nan a bakin zanina, hannu ya saba. Rumbuna cike yake, ba wanda ya taɓa mani ko zangarniya. Ran kasuwa zan bi ta tashar 'yan kabu-kabu, za a cinye wani, muryata ta fito daga wayarshi tana ihun ɓarawo. Da can in na ji nakan waiga in ga da wa take. Yanzu na daina waigawa, na san da wa take.